Fiffike a Bayan Corolla, Me Zai Ƙara Mata?

Tambaya: Na sayi Corolla ƙirar 2010, 'yar Kwatano, lafiyarta ƙalau. Abokaina sun dame ni sai na kai ta an yi mata kwalliya: fiffike a kan but, rim mai lamba 18, baƙin gilashi, fitilu masu shuɗin haske, salansa mai ƙara da tambarin TRD. Wani ma ya ce a canza mata fuska ta koma sabon yayi. Yayana ya ce duk ƙauyanci ne da zubar da kuɗi. Kai da ka daɗe a gyaran jikin mota da fenti, wa zan bi?

Amsa: Allah Ya sanya alheri, ƙanena, Ya kiyaye sharrin ƙarfe. Yayanka ya fi abokanka kusa da gaskiya, sai dai ni ba ta wajen ƙauyanci zan kama maganar ba. Abin da ya yi wa idon mutum kyau ba a kai shi gaban alƙali. Motarka ce, guminka ne, in ka ga dama ka fente ta ruwan hoda. Abin da nake tambaya duk sanda aka shigo mana gareji da kwalin irin waɗannan kaya shi ne: wannan abin me yake faɗa wa mutane game da motar, kuma gaskiya yake faɗa? Kusan duk abin da abokanka suka jero ƙarya yake yi mata. Yana cewa tana da gudun da ba ta da shi, da injin da ba ta da shi, da shekarun da ba nata ba. Wasu kuma ba sa tsayawa a ƙaryar, sai sun taɓa lafiyar motar, ko taka, ko ta wanda bai ji ba bai gani ba.

Mu fara da fiffiken tunda shi ya fi tsole ido. Asalinsa daga filin tsere ne. Fiffiken jirgin sama aka kifa: na jirgi yana ɗaga shi, na mota yana danna ta ƙasa don tayoyi su kama kwalta a kan kwana. Wani Ba'amurke mai suna Jim Hall ya fito da shi fili a motarsa Chaparral 2E a 1966, zuwa 1968 motocin Formula 1 sun ɗauka. To amma ƙarfin wannan dannawa ba ya tafiya daidai wa daida da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iskar sau huɗu yake ninkuwa, in ka ninka sau huɗu ya zama sau 16. Fiffiken da ke aiki a gudun kilomita 200 a awa, da ka sauko 50 kashi ɗaya cikin 16 na aikinsa kaɗai ya saura. Hamsin ɗin nan kuwa ita ce iyakar da doka ta ba ƙaramar mota a cikin gari, 100 a babbar hanya mai tagwaye. Mutumin da zai taso daga Hotoro ya nufi Kantin Kwari yana kutsawa tsakanin 'yan Adaidaita Sahu, wace iska ce za ta danna masa but?

Ga shi kuma Corolla da tayoyin gaba take ja. Injin 1.8 ne mai ƙarfin dawaki 132, yana zaune a kan ƙafar gaba, nan nauyin yake, nan aikin yake. Akwai motocin tsere masu ja da gaba da ake sa wa fiffike a baya, gaskiya ne, amma don kada bayan ya zame ne a kwanar da ake sha da gudun da ba za ka taɓa yi ba in kana son ranka. Kuma nasu a ɗakin gwajin iska aka auna shi. Na kasuwa kuwa, yaron da zai ɗaura maka da ido zai saita, ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, “Ya zauna, Alhaji.” Ko ɗan ƙaramin da kamfani ke sawa don aiki, sai da dalili. Audi TT ta farko da ta fito a 1998 bayanta sumul yake, sai aka riƙa samun haɗurra, bayan motar na yin shafal idan ta haura 180. Dole kamfanin ya kira motocin a ƙarshen 1999 zuwa farkon 2000, ya gyara ƙafa, ya ƙara ɗan fiffike. Wannan magani ne aka yi wa cuta, taka kuwa ba ta da cutar.

Abin da fiffiken zai yi tabbas ga shi. Za a huda murfin but, rami huɗu ko shida. Bakin kowane rami ƙarfe ne tsirara, kuma da wuya ka samu wanda zai shafa masa ko ɗan fenti kafin ya ɗaura noti. Damina ɗaya za ka ga fentin da ke kewaye da ƙafar fiffiken ya kumbura, ka danna da farce ya fashe, jan tsatsa ya bayyana. Ruwan yana bin ramin ya gangara ya taru a mazaunin safaya taya, ƙarƙashin kafet inda ba ka gani. Sai ranar da ka yi faci a hanya ka ɗaga kafet, ka tarar jak da sifana sun yi ja, safayar na zaune cikin ruwa, ashe warin da kake ta fesa wa turare daga nan yake fitowa. Sannan sandunan ƙarfen da ke riƙe murfin a sama da nauyin murfin kaɗai aka auna su. Ka ɗora masa ƙari ya daina tsayuwa, kana sunkuye kana ɗauko buhun shinkafa ya sauko maka a ƙeya. In dai ranka ya biya, Toyota da kanta ta sa wa Corolla S ta wannan shekarar ɗan ƙarami. Shi ma ado ne, don S ɗin injinta ɗaya da taka, amma ya dace da jikin motar, kuma ana samun siririn irinsa da ake mannawa ba tare da an huda komai ba.

'Yan uwan fiffike su ne ƙofofin iska na roba da ake mannawa a bonet da gefen fenda. A motar da ke da na gaskiya, iska ce ke shiga ta sanyaya birki ko ta fitar da zafin inji. Na mannawa bayansu a toshe yake. Wannan ƙaryar ma ba 'yan kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa suka ƙirƙiro ta ba. Wani mai zana motoci a kamfanin Buick, Ned Nickles, ya huda gefen motarsa ta 1948 ya sa 'yan fitilu a ciki masu ƙyaftawa tare da bugun inji. Manyansa suka gani ya burge su, aka sa ramukan a Buick ta 1949 ba fitilu, ba a jima ba aka toshe su suka zama ado zalla. Har gobe kamfanoni na yi. Ka leƙa bayan wasu Mercedes da Audi na shekarun nan, bakin salansar da ke ƙyalli a bamba ba a haɗe yake da komai ba, bututun gaskiya na ɓoye a ƙasa yana kallon kwalta. Shi ya sa ba na ganin laifin yaron da ya kwaikwaya. Bambancin dai na kamfani ba ya ɓallewa. Naka kuwa ranar Afrilu za ta narkar da gam, na dama ya faɗi a hanya na hagu ya rage, inda ya tashi ya bar tabo mai siffarsa, don fentin kewaye ya koɗe, na ƙarƙashi bai koɗe ba.

Tambari shi ya fi ba ni mamaki. TRD sashen tsere ne na Toyota. AMG, sashen motocin gudu na Mercedes, injiniyoyi biyu ne suka kafa shi a 1967, Aufrecht da Melcher, kuma manyan injinansu mutum ɗaya ke haɗa kowanne daga farko har ƙarshe, ya manna farantin da ke ɗauke da sa hannunsa. Jan tambarin Honda na Type R ne, wato motocinta na gudu. Waɗannan haruffa shaida ce ta aikin da aka yi a ƙarƙashin bonet. To wa za ka ruɗa? Wanda bai san mota ba bai san me TRD ke nufi ba, ko kallo bai yi ba. Wanda ya san me take nufi ya san ba a taka take ba, ya ji ƙarar injin tun kafin ya karanta. Kenan ka biya kuɗi ne don mutanen da kake so su yaba su yi maka dariya. Na sha ganin V6 a bayan mota mai fulogi huɗu, da AMG a bayan Golf, da ratsin BMW mai launi uku a hancin Honda. A Jamus kuwa, inda ake ƙera masu tsadar, mai saye kan ce wa kamfani kada a sa masa lambar samfuri a but, don kada maƙwabci ya san girman injin da ya saya.

Canza fuska, abin da 'yan kasuwa ke kira ofgired, shi ne babban wan tambari. Ana cire bamba da fitilu da hanci, wani sa'in har bonet da fenda, a sa na samfurin da ya biyo baya. Haka ake sa wa Lexus RX 350 ta 2010 fuskar 2016, Prado ta 2010 ta koma ta 2018, Land Cruiser ta 2008 ta kwana tsohuwa ta tashi sabuwa. Taka ma ana iya sa mata fuskar 2011 zuwa 2013, ba wahala tunda jikinsu ɗaya. In mota ta yi karo gabanta ya lalace, dole a sayi bamba da fitilu, ban ga aibi ba mutum ya zaɓi na sabon samfuri. Amma a kwance lafiyayyun kayan Toyota na asali a sa na kwaikwayo, wannan cinikin asara ne. Robar bambar asali tana lanƙwasawa ta dawo, ta kwaikwayo tsagewa take. Fitilar kwaikwayo tana shan ruwa, bayan wanki ka ga gumi a cikinta. Inda maƙalai ba su dace ba, da waya da sukuru da gam ake ɗaurewa, shi ya sa za ka ga tsakanin bonet da fenda a dama yatsa na shiga, a hagu ko kati ba ya shiga. Kuma ka lura, kayanka na asali da aka kwance ba bola ake kai su ba. Washegari suna kan kanta ana sayar da su a matsayin 'yan Beljiyam.

Shekarun ma ba sa ɓoyuwa. Tun 1981 lambar shasi harafi 17 ce, ana hango ta ta gilashin gaba ɓangaren direba. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, irin Corollar da ta fi shigo mana, harafi na 10 shi ne shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ma ta rubuta wata da shekarar da aka ƙera motar. Duk dillalin da ya san aikinsa can zai fara dubawa, kuma da ya ga A a mota mai fuskar 2013, tambayar farko da za ta zo masa ita ce, wane irin karo ta yi? Ka kashe kuɗi ka sayo wa motarka zargi. Wanda kuma ya yi don ya sayar wa wanda bai sani ba a farashin sabuwa, ya bar zancen kwalliya ya shiga ha'inci, malamai ne za su ba shi amsa ba ni ba.

Sai rim, inda kuɗi ya fi tafiya. Ka duba gefen tayarka, za ka ga 195/65 R15 ko 205/55 R16. Su Toyota ta sa wa wannan motar, XRS mai injin 2.4 kaɗai aka ba 17. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a kashi cikin ɗari na faɗin, ta uku girman rim a inci. Kashi 65 na 195 ya kama milimita 127 na roba da iska tsakanin ƙarfen rim da ƙasa. In za ka sa 18 dole tayar ta zama siririya don ƙafar ta shiga mazauninta, wato irin 225/40, wadda gefenta milimita 90 ne. Ka zubar da milimita 37 kenan, kusan kashi uku cikin goma na abin da ke shanye maka duka.

A titin da aka shimfiɗa sumul wannan ciniki ne mai ma'ana, mota tana ƙara jin sitiyari. A namu fa? Ka faɗa rami mai kaifin baki da daddare bayan ruwan sama, robar ta matse har rim ya daki bakin kwalta. Ko dai tayar ta yi ƙwai a gefe, wanda ba ya faci, ko rim ya lanƙwashe ta ciki inda ba ka gani. Daga nan ka zama abokin mai faci. Kullum da safe taya ta sauka, ya kwance ya tsoma a ruwa, ba ƙusa ba komai, sai 'yan ƙananan kumfa suna fitowa a jere ta bakin rim. Rim ɗin ƙarfe mai 15 guduma ke miƙe shi a gefen titi. Na alminiyam mai arha tsagewa yake, a yi masa walda, ya sake tsagewa kusa da waldar. Dukan da taya ta daina shanyewa kuma ba ɓacewa yake ba, yana hawa kan shokozoba da bushin da boris, ka riƙa jin ƙwaram-ƙwaram kana ganin laifin mai gyaran ƙafa.

Ga nauyi. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wannan a 2010 da Golf guda ɗaya, ta sa mata rim daga 15 har 19. Tsakanin ƙaramin da babban, shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, motar kuma ta rage saurin tashi. Wato abin da aka saya don ta yi kama da mai gudu, gudun ya rage mata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba na jin akwai mai Corollar da ke neman hanyar ƙara wa gidan mai ciniki. Ka kuma tambayi kuɗin taya mai 18 ka kwatanta da mai 15, sannan ka tuna in ta fashe maka tsakanin Wudil da Birnin Kudu, wacce za ka samu a rumfar mai faci mafi kusa.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne ba kowane rim mai rami biyar ne na motarka ba. Na Corollarka da'irar ramukansa milimita 100 ce, na Camry da Accord 114.3, na Mercedes 112. Ramin tsakiya ma kowa da nasa. In bai dace ba sai a faɗaɗa ramuka ko a sa faranti a tsakani, tayar ta kasa zama daram a cibiya, sitiyari ya fara rawa da ka hau babbar hanya, wata rana ƙusoshin su karye. In kana son rim mai kyau, nemi na Corolla na asali mai 16, ka sa masa 205/55. Zai yi kyau, zai dace, ba abin da zai ɓata.

Fitila kuwa ba zancen son rai ba ce, haƙƙin mutane ne. Kwanon fitilarka madubi ne da aka lissafa shi a kan ɗan siririn zaren da ke cikin ƙwan halojin, inda yake zaune da girmansa. Hasken ƙasa yana da layin da yake yankewa don kada ya shiga idon mai tahowa. Ka cire ka sa ƙwan zenon ko LED na kasuwa, tushen hasken ya canza wuri da siffa, layin ya ɓace, haske ya watsu sama da gefe. Kai a ciki kana ganin gaban bamba ya yi fari fat kana murna, alhali hasken kusan ya tsuke maka ƙwayar ido, nesa ba ka ƙara gani ba. Mai tahowa kuwa ya makance na 'yan daƙiƙu, a hanyar da ake da mai babur ba fitila, da shanu, da tirelar da ta mutu aka jera mata ganye. Shuɗin ma ba ƙarfi ba ne. Zenon ɗin da kamfani ke sawa wajen 4300K yake a ma'aunin launin haske. Masu 8000K da 10000K sun fi shi shuɗi, shi kuma ya fi su haske. Ka tsaya gaban katanga da daddare ka kunna hasken ƙasa. In ka ga layi a kwance, samansa duhu ƙasansa haske, fitilarka lafiya. In ka ga katangar ta haske har sama, haka fuskar mai tahowa ke haskewa. Masu fesa wa fitilun baya baƙi kuma, direban gingimarin da ke bayansu suka rage wa lokacin taka birki.

Abin da ya fi ba ni tsoro a waɗannan 'yan fitilu na ƙarƙashin mota da cikin hanci shi ne wayarin. Leƙa ƙarƙashin dashbod bayan an gama. Za ka ga an fere wayar kamfani da reza, an murɗa sabuwa a kai da hannu, an naɗe da baƙin tef, ba fiyus, an zura ta wani ramin ƙarfe mai kaifi. Zafi ya saki tef, gargada ta goge roba, waya ta taɓa jiki. In ka yi sa'a batir ne kawai zai riƙa mutuwa cikin dare. Masu walƙiyar ja da shuɗi da jiniya kuwa na jami'ai ne da motar asibiti, kada ma ka soma.

Baƙin gilashi yana da uzuri a ƙasar da rana ke dafa sitiyari. Sai dai duhu daban, tare zafi daban. Leda mai arha rini ce kawai, ba ta daɗewa take juyewa ruwan makuba ta yi ƙuraje, kuma da daddare sai ka sauke gilashi kafin ka yi ribas ko ka shiga kwana. Akwai leda mai tsada da ke tare zafin sosai alhali ana hango na ciki, ita ce ta cancanci kuɗi. Ga kuma doka. Tun 1991 an hana gilashi mai duhu a Najeriya sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro. An dakatar da ba da izinin a 2021, aka dawo da shi ta intanet a 2025, Ƙungiyar Lauyoyi ta kai maganar kotu. Ko ma yaya ta kaya, a shingen bincike mai baƙin gilashi ake fara cewa ya faka.

Salansa mai ƙara ba ta da dogon bayani. Ƙara za ta ba ka ba ƙarfi ba, sai ciwon kai a doguwar tafiya da Allah-ya-isan maƙwabta da asuba. Amma ka kula, in aka shiga ƙarƙashin motar aka ce maka a cire indomi don inji ya samu numfashi, kada ka yarda. Wannan saƙar da ke tace hayaƙi akwai ƙarafa masu tsada a jikinta, irin filatinam, ana sayenta da kuɗi mai kauri. Da ta fita fitilar inji za ta kama a dashbod, hayaƙin ya koma wari, mayar da ta asali kuma sai ka ji a jikinka.

A cikin mota ma akwai ado mai cizo. Wannan zoben mai duwatsu masu ƙyalli da ake mannawa a kan tambarin sitiyari, a murfin jakar iska yake zaune. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, bayan wani direba ya rasa ganin ido ɗaya da jakar ta fashe ta harbo masa ƙarfen a fuska. Kujerun gaban motarka akwai jakar iska a gefensu, ka duba za ka ga ɗan ƙyalle an rubuta SRS, rigar kujera mai kauri da tela ya ɗinke ruf tana iya tare ta. Shimfiɗar roba da ba ta motar ba a ƙarƙashin ƙafar direba kuma ita ta danne totur ɗin wata Lexus ES 350 a San Diyego a 2009, mutum huɗu suka mutu, Toyota ta kira motoci kusan miliyan 3.8. Mayafin dashbod dai ina goyon bayansa, duk wanda ya ga yadda na Camry 2007 ke narkewa ya yi danƙo a rana ya san amfaninsa, muddin bai rufe murfin jakar iskar fasinja ba.

Kada ka ɗauka ina gaba da ado. Ka tsaya bakin Dawanau ka kalli bayan manyan motocin katako: zaki, mikiya, dawisu, masallaci mai koren ƙubba, da “Haƙuri maganin zaman duniya” an rubuta da hannu. Launin ya fi na duk abin da abokanka suka lissafa ihu, amma ban taɓa jin ya dame ni ba, don motar ba ta ce ita wata ce ba. Labarin mai ita take bayarwa, kuma wani ya zauna da buroshi ya zana. Dokin hawan Sallah a matsayinsa na doki ake yi masa kwalliya. Abin da ake so ka yi shi ne ɗaura wa jaki kayan doki, alhali jaki ba abin raini ba ne, shi ke kai kaya gida, kuma don haka ka zaɓi Corolla.

Kuɗin da ka ware, ga inda zan kai su in ni ne. Tayoyi huɗu sababbi iri ɗaya, ka duba lamba huɗun da ke gefe, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, don 'yar Kwatano kan zo da tayar da ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. A duba shokozoba da birki, a saita ƙafa. Gilashin fitilun gaba in ya yi rawaya a goge shi a shafa masa abin kariya, hasken da kake nema a shuɗin ƙwai yawanci a nan ya maƙale. A buga 'yan lotsattsun wurare, a goge fenti, a wanke kujeru da rufi, a gyara AC. In murfin taya ɗaya ya ɓata a cike shi su zama huɗu. Motar 2010 da ƙofofinta ke rufuwa daidai, fentinta launi ɗaya, cikinta ba wari, ita dillalai ke rububi.

In kuma bayan duk wannan zuciyarka na nan a kan wani abu, ka zaɓi wanda ba a huda ƙarfe ko a fere waya kafin a sa shi. Duk abin da aka kwance na asali, rim ne ko fitila ko tambari, ka tsaya a ba ka kayanka a hannu kafin ka bar garejin, ka sa a kwali ka ajiye a gida. Ranar da za ka sayar da motar za ka buƙace su.